Mun Kai Baba Riruwai Neman Dariya

Mun tashi da asuba daga Kano, ana idar da sallah muka ɗaure kaya a saman bas muka miƙi hanyar Zariya. Ku da kuka dame ni da saƙon ina na shige kwana biyu, to ga amsarku: yawon wasan kwaikwayo muka tafi kudancin jiha, daga Bebeji zuwa Kiru, Tudun Wada, har cikin duwatsun Doguwa. Ni ne mai tsara wasa a ƙungiyarmu, wato wanda ake ci wa mutunci in abu ya lalace, a manta da shi in ya yi kyau. Kayanmu ba wasu masu yawa ba ne: akwatin tufafi, lasifika, wani janareta da sai an lallashe shi yake tashi, tsohuwar katifa, hular kwano irin ta Turawan da, sai ƙunshin igiyar kaba da turaku.

A kujerar gaba muka zaunar da Baba, dattijon ƙungiyar, wanda a hannunsa na koyi duk abin da nake taƙama da shi. A zamaninsa gyaran murya kawai zai yi a dandali jama'a su fara riƙe ciki. Sai ciwon hawan jinin ido ya same shi, ya yi ta cin ganinsa kaɗan-kaɗan har ya rufe ruf. Tun daga nan ya zauna a gida. Mutanen da a da suke tare shi a hanya da tsiya da tsokana duk suka koma sassauta murya, "Sannu Baba, ya jiki?", alhali jikinsa ras, ba malmalar tuwon da take gagararsa. Wannan tafiya ita ce fitowarsa ta farko tun bayan makantar, kuma ni na yi ta sintiri gidansa ina naci har ya yarda.

Wasan da muka ɗauko tsoho ne tukuf. Wani malamin makaranta ne ya rubuta shi tun Turawa suna ƙasar nan, iyayenmu sun yi shi a firamare, mu ma mun yi. Labarin wani Bature ne da ya zo gari awon gonaki shi da tafintansa, suka rasa mai kai su gidan mai unguwa sai wani makaho mai cika baki, wanda ya rantse ya san garin kamar tafin hannunsa, ya yi ta yawo da su har ya afka kududdufi. A da, wanda zai fito a Bature sai a mulke masa fuska da farar ƙasa, makahon kuma mai ido ne zai runtse yana lalube. Mu muka ce wannan karon da sake. Ranar rabon fitowa, da aka zo kan Bature sai duk ido ya koma kan ɗan'uwanmu zabiya. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce tun yana firamare ake ba shi Bature, a wasa da ba a wasa ba, shi kuwa a Fagge aka yanke masa cibiya. Mai unguwa yake so. Kunya ta rufe mu, muka miƙa masa rawani. Baturen kuma muka ba wanda ya fi kowa baƙi a ƙungiyar, ba hoda ba alli, hular kwano kawai da tafiyar isa.

Faɗuwar kududdufin nan ni na so in cire ta. Na ce ba zan iya tsayawa ina kallon ubangidana, makaho na gaske, yana faɗuwa ana dariya ba. Baba ya ce in rufe masa baki. "Lokacin da nake makantar ƙarya na yi faɗuwar nan har ban san adadi ba, ana tafi. Yanzu da na zama gwani za ka hana ni?" Sai muka yi dabara. A kafa turaku, a ja igiyar kaba a ƙasa tun daga inda zai shigo har bakin katifar da muka lulluɓe da buhu a matsayin kududdufi, shi kuma ya bi igiyar da tafin ƙafa, ba takalmi. Amma ya gindaya sharaɗi a gaban kowa. Ya ce dariya ya fito nema, ba tausayi ba. In har muka kai zangon ƙarshe, wato Riruwai, bai ji an yi masa dariya irin ta da ba, to ya ajiye wasa har abada, kada wanda ya ƙara zuwa ƙofar gidansa da maganar. Duk wanda ya san Baba ya san ba ya magana biyu. Da wannan fargabar na shiga mota.

Hanya ta yi mana kyau, ƙarshen damina ne, ko'ina kore shar. Daga Kura shinkafa ce hagu da dama iya ganinka. Mun karya a bakin titi, mai shayi ya hango lasifika a saman mota ya ɗauka 'yan siyasa ne, ya tsuga mana kuɗi, sai da direbanmu ya ja shi ya nuna masa yadda tayoyinmu suka suɗe sannan ya yi mana farashin talakawa. Da muka saki babban titi muka nufi Ƙofa, zangonmu na farko a ƙasar Bebeji, sai kwalta ta fara mana wasan ɓuya, ta fito ta ɓace. Dawa ta fi mota tsayi, 'yan acaɓa suna wuce mu da buhu biyu-biyu ga fasinja a bisa yana lilo. Baba yana gaba yana ba direba umarnin inda zai kauce wa rami, direba yana cewa to Baba, yana faɗawa ramin.

Ƙofa garin manoma ne da malamai. Da gaisuwar dattawa muka fara, muka tuɓe takalma muka zube. Wani malami mai tsangaya ya yi mana tambayoyi kamar a gaban alƙali: akwai rawa? Akwai zagin iyaye? Maza da mata za su cakuɗa? Da ya gamsu ya ce a yi bayan la'asar, a tashi kafin magariba, mata gefe maza gefe. Aka kawo mana dambu da zogale ya sha man gyaɗa, ga fura mai sanyi, kuma da na sa hannu a aljihu sai da aka kusa yin fushi da ni. Tsarin da muka ɗauka shi ne duk garin da muka sauka, to a nan wasan yake faruwa. A littafi birni ne mai ganuwa da ƙofofi, mu kuwa makahonmu unguwannin garin da rijiyoyinsa yake ambata, saboda haka kafin wasa sai Baba ya zauna da wani ɗan gari ya haddace su.

A filin makarantar firamare aka yi. Yara suna ganin ɗan'uwanmu zabiya suka ɗauki ihu, Bature, Bature. Da ya fito da rawani da babbar riga, baƙin nan namu kuma ya fito da hular kwano yana magana ta hanci, sai wuri ya ɗan rikice, har wani dattijo ya ce da ƙarfi an yi kuskuren raba kaya. Ba a jima ba dai suka saba. Sai ga Baba, sanda a gaba, ƙirji a waje, yana cika baki. Aka fara ƙyalƙyalawa, don sun ɗauka runtsewa yake yi. Na ce alhamdulillahi. Yana dab da katifa kenan sai wani bawan Allah da ke sahun gaba, wanda ya ƙura masa ido tun ɗazu, ya zabura da salati, "Kai jama'a, wallahi makaho ne na gaske!" Ya faɗo fili da gudu ya cafke sandar Baba, ya kewaye katifar da shi a hankali yana cewa bi nan Baba, bi nan. Bature da tafinta suka tsaya sororo. Dariyar da ta fara tasowa ta mutu murus, sai "Allah sarki" kake ji ta ɓangaren mata. Ni kuwa ina bayan mota kamar in haɗiyi zuciya, ga haushi ga ba halin faɗa, don mutumin nan alheri ya yi iya saninsa. A garinsu ba a barin makaho ya doshi rami ana kallo, ko da ramin katifa ne.

Washegari muka wuce Kiru, muka tarar ana cin kasuwa. Albasa da attaruhu da tumatir tsibi-tsibi. Kwandon da a Kano sai ka yi shawara da iyali kafin ka taya, a nan ba ka ko ja numfashi za ka biya. 'Yan ƙungiya suka manta abin da ya kawo mu, suka bazama sayayya, har sai da direba ya rantse in aka ƙara buhu ɗaya wani zai koma a ƙafa. Mun ci gasasshiyar masara sabuwar karya, irin wadda ruwanta ke fashewa a baki. Ni dai ci nake ba na jin daɗinta, ina ta saƙa yadda zan hana wani ya sake faɗo mana fili.

Dabarar da na yi, jama'a, gudun gara ce na faɗa gidan zago. Kafin a fara na ɗauki lasifika na yi sanarwa da murya irin ta malamin makaranta: wanda zai fito a makaho lalurar gaske ce da shi, ya san hanyarsa, don Allah kada kowa ya shigo taimako. Aka kuwa bi umarni. Ba wanda ya motsa, ba kuma wanda ya yi ko murmushi. Baba ya zuba gwaninta, ya ambaci unguwannin Kiru, ya kwaikwayi tafiyar Bature a bayansa, wuri tsit kamar an yi mutuwa. Ya zo ya yi faɗuwar nan mai kyau, ƙafafu sama, hula gefe, wadda a da take sa manya zubar da hawaye don dariya. Abin da ya biyo baya salati ne. Wa zai yi wa mai lalura dariya a bainar jama'a ya ɗauki zunubi?

Abin da ya fi ƙona mini rai bayan an tashi ya faru. Mutane suka yi layi wurin Baba. Ku da ba 'yan wasa ba ku gane bambancin: ɗan wasan da ya burge, a goshi ake manna masa kuɗi, ana dariya ana kirari, wannan shi ne liƙi. Su kuwa tafin hannunsa suke buɗewa su danƙa masa a ɓoye, su rage murya su ce a sa mu a addu'a. Sadaka suka ba shi. Mutumin da ya yi shekaru ana tururuwar kallonsa! Baba ya amsa wa kowa da amin, bai nuna komai ba, da aka watse ya miƙa wa ladanin masallacin da ke kusa kuɗin duka. Aka kawo tuwon masara miyar kuɓewa ɗanya, bai taɓa ba. Na matsa kusa da shi ina neman abin faɗa, ya riga ni. Ya ce, "Darakta, saura biyu."

Ba su ma cika biyun ba. Mun biyo ta Kwanar Ɗangora, inda masu rake da mazarƙwaila suka yi wa motarmu ƙawanya, muka karkata muka nufi Tudun Wada. Garin shinkafa ne, injinan casa suna ta ruri, ga shanya a kan kowane dandamali. Mun kafa turaku mun ja igiya kenan hadari ya haɗo daga gabas, aka tsuge da ruwa tun azahar, bai ɗauke ba sai da fili ya zama fadama. Wasa ya rushe. Da farko har na ji sanyi a raina, na ce yau dai an huta da salati, sai daga baya na tuna ashe dama ɗaya tak ta rage wa Baba. A zauren wani mai sayar da taki muka kwana, ya yi mana shimfiɗa, ya kawo mana shinkafa da wake, Allah ya saka masa.

Da safe a tasha muna shan mai sai ga wata tsohuwa da ƙullin kaya da kaji biyu a ɗaure, tana neman motar Riruwai, za ta sunan jikanta. Direbanmu mai tausayi ne in ba a kan buhu ba, ya ce a matsa mata. Tana zama ta saurari hirarmu kaɗan, sai ta dafe ƙirji. "Kanawa ne? Na shiga uku. Bari in ƙara ƙulle bakin zanina." Ashe Bazazzagiya ce, sana'ar daddawa ta zaunar da ita a Tudun Wada. Kun dai san tsakaninmu da Zagezagi, wasa ne tun kaka da kakanni, a yaɓa wa juna baƙar magana ba fushi ba riƙo. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya ta wanke tas. Da ta zo kan Baba ta ce wancan na gaba mai baƙin gilashi shi ne uban tafiyar 'yan damfarar? Wata daga cikin matan ƙungiya ta raɗa mata cewa ba ya gani. Ta ce, "To sai me? Bakano ko ba ido ai ya san ƙarar kuɗi."

Na dubi Baba, na ga ya sunkuyar da kai. Mutumin da bai ci abinci ba shekaranjiya, yau kuma a ƙara masa da wannan? Na juya na ce, Iya, don girman Allah a yi haƙuri a bar dattijon nan, ba ya jin daɗi. Ta dube ni sama da ƙasa, ta taɓe baki, ta ce yaran yanzu ba su san wasa ba, ta koma lallashin kajinta. Ni kuma ina jin kaina wai na kare mutuncin ubangidana.

Daga nan muka shiga dajin Falgore. Wanda bai taɓa bi ba ya ƙaddara bai gama ganin jihar Kano ba. Itatuwa ne manya sun haɗe kai, iska ta sauya, birai suna tsallake titi ba ko gaggawa. Akwai shingayen jami'an tsaro nan da can, kuma na lura duk masu surutun motar sun koma jan carbi har muka fita. A bakin dajin matan Fulani suka tare mu da nono da zuma, muka saya. Bayan Doguwa ƙasa ta fara tashi, duwatsu suka bayyana, hanya ta dinga naɗewa tana warwarewa. Janareta ya yi ta buga kansa a jikin akwati har na cire rai da shi.

Riruwai a tsakiyar duwatsu take, tsohon garin haƙar kuza. Ga ragowar gine-ginen kamfani da ƙarafa sun yi tsatsa, ga tsofaffin ramuka sun cika da ruwa, ga mutane a bakin rafi suna tankaɗe yashi a faranti suna neman rabonsu. Kuza ta tara mutane daga ko'ina tun zamanin da, suka zauna suka hayayyafa, a shago ɗaya sai ka ji harshe uku. Muka sauke tsohuwa da kajinta a bakin kasuwa, ta ce za ta zo ta ga yadda Kanawa za su cuci mutanen Riruwai. A nan muka mayar da Baturenmu mai neman kuza, kududdufi kuma ya zama tsohon ramin haƙa. Na tambayi Baba ko in yi sanarwa. Ya ce in na ƙara taɓa lasifikar nan sai ya karya ta a kaina. Sai dai ko ban faɗa ba gari ya sani, don mutane suna tsaye suna kallo lokacin da na riƙe hannunsa yana taka igiya yana gwada fili.

Bayan la'asar wuri ya cika, har kan duwatsu mutane ne. Baturenmu ya samu karɓuwa nan da nan. Wani tsoho da ya ce ya yi lebura a kamfani yana saurayi ya ɗaga murya ya ce nasu Baturen jajawur ne, amma tafiyar kam ita ce sak. Ɗan'uwanmu zabiya ya zauna a kan buzu ya yi mulkinsa, ba wanda ya kira shi da wani suna sai ranka ya daɗe. Sai lokacin Baba ya yi. Ya shigo yana dogara sanda, ya buga ƙirji ya ce ya san Riruwai kamar tafin hannunsa. Shiru. Can na fara jin abin da nake tsoro, "Allah sarki" tana tasowa ƙasa-ƙasa ta ɓangaren mata. Baba ya ci gaba, amma ni da na san shi na ji muryar ta fara sanyi. Ƙafarsa tana kan igiya, katifa tana matsowa. Na jingina da mota na ce shi kenan, na fito da dattijo daga gidansa na kawo shi cikin duwatsu ya yi bankwana da sana'arsa.

Sai wata murya ta tsaga wurin kamar an fasa faranti. "Ƙarya kake yi, Bakano! Ko lokacin da kake da ido hanyar kasuwa kaɗai ka sani!"

Tsohuwar nan ce, tana tsaye a tsakiyar mata da goyon wani jikanta. Jama'a suka yi tsuru-tsuru, wasu suna cewa subhanallahi. Na yunƙura zan nufe ta. Baba ya tsaya cak, ya juya inda muryar ta fito, ya kafa hannu a kunne, ya shaƙi iska sau biyu ya yamutsa fuska. Ya ce wa tafinta, "Gaya wa Bature ya dakata. Na ji warin daddawa. Wata baiwar gidanmu ce Bazazzagiya da ta tsere tun zamanin kakana, yau Allah ya kama ta."

Wani ya tuntsire a bayan taro, ya yi sauri ya toshe baki. Tsohuwa ta gyara goyo ta ce, "Ku bar wahalar da kanku, ku jefa kwabo a ramin nan. Wallahi da kansa zai yi tsalle."

Baba ya karkata kai kamar mai nazari. Ya matsa kusa da Bature, ya rage murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Ranka ya daɗe, wai da gaske akwai kwabo a ciki?" Baturenmu, Allah ya yi masa albarka, bai ɓata lokaci ba, ya yi gwaranci ta hanci, tafinta ya ce Bature ya ce ba kwabo ba ne, sule ne. Ai kuwa Baba ya danƙa wa Bature sandarsa, ya cire hula ya ba tafinta ajiya, ya naɗe hannun riga, ya tofa a tafin hannu, ya laluba igiya da babban yatsan ƙafa, ya ja da baya, ya daka tsalle ya faɗa katifa, ƙafafu a sama suna harbin iska.

Wayyo jama'a! Ban taɓa jin irin wannan dariya ba, har duwatsu suna amsawa. Maza suna dukan cinya, mata suna faɗawa jikin juna, tsohon leburan nan ya zame daga kan benci. Daga cikin ramin Baba ya ɗago kai ya ce sulen na jabu ne, Bazazzagi ne ya jefa, aka sake kecewa. Daga nan wasa ya ɓalle. Zagezagin garin suka goyi bayan tsohuwa, Kanawa suka tsaya wa Baba, can gefe na ji wani Bafulatani ya samu Babarbare ya fara nasa. Sai da ɗan'uwanmu mai rawani ya miƙe ya tsawatar kamar mai unguwar gaske sannan aka ƙarasa wasan. Ba abin da ke cikin littafi kenan ba, na sani. A littafi makanta ce take jefa shi rami. A Riruwai son kuɗin Bakano ne ya jefa shi, da ƙafarsa da niyyarsa, kuma kowa ya samu damar yin dariya ba tare da ya ji ya ɗauki alhaki ba. Ni da na yi shekaru ina hana 'yan wasa ƙara ko kalma ɗaya, ranar ina tsaye ina tafi ina share hawaye.

Da aka tashi aka yi masa caa. Wannan karon ba wanda ya nemi tafin hannunsa. A goshi aka dinga manna masa, gumi yana riƙewa, ana maimaita maganar sule ana dariya. Tsohuwa ta zo daga ƙarshe, ta kwance bakin zanin nan da ta ƙulle saboda mu, ta ɗauko 'yar takardar kuɗinta ta buga masa a goshi da ƙarfi, ta ce ga shi nan ya rage haushi. Baba ya shafa ya ce ko a makance ya san ƙaramar ce, Bazazzagi ba ya kyautar kirki. Ta aiko mana da tuwon suna akushi guda, Baba ya ci har da neman ƙari.

Washegari muka juyo. Mun ratsa Falgore kowa yana gyangyaɗi sai ni da direba da Baba. Ba tare da ya juyo ba ya ce, "Darakta, da ka ƙyale matar nan tun a mota. Sunkuyawar da ka ga na yi, amsa nake haɗa mata ka katse ni." Sannan ya ƙara da cewa, "Tun da idona ya rufe ba wanda ya zage ni sai jiya. Ashe haka abin yake da daɗi." Na juya ina kallon itatuwa.

Mun shigo Kano bayan la'asar, mota tana warin albasa. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai tsawo ba ne. Tsohon wasa ba ya tsufa in ka yarda ka sauke shi a ƙasar mutane su taka shi da ƙafarsu. Hula ta ishi baƙin mutum zama Bature, rawani ya ishi zabiya zama mai unguwa. Mutanen Ƙofa da na Kiru kuma ba su yi laifi ba, tarbiyya ce ta hana su dariya, ina alfahari da su. Amma tausayi in ya yi yawa zaunar da mutum yake yi a gida, kuma abin da ya tashi Baba ba lasifikata ba ce, wasan da kakanninmu suka bar mana ne. Ina alfahari da ƙungiyata, ina alfahari da ubangidana fiye da yadda zan iya rubutawa.

Ni na raka shi har ƙofar gida. Maƙwabta suka taso da muryar nan tasu mai sanyi, sannu Baba, ya jiki. Ya amsa musu, ya juyo ya nuna ni da sanda, ko da yake ya ɗan kauce, bishiyar darbejiya ya nuna. Ya ce ranar Asabar akwai gwajin wasa, in na makara sai ya farfasa mini jiki. Na ce, Baba, ai sai ka fara gano inda nake tsaye tukuna, wannan darbejiya ce kake wa faɗa. Maƙwabta suka zaro ido suna salati. Shi kuwa ya yi ta dariya har sai da ya dafa bango.